Tukunyar da Kowa Ya Ce Ba Tasa Ba Ce

Zuwa ga yayana Fintan,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da matarka Orla da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa zafin ranar can birnin Perth bai gasa ku ba. Mu nan gida, yankin Mayo, ruwa ne ba dare ba rana, tumaki lafiya lau, ƙafar maigidana Declan ma ta warke.

Maganar Baba ce ta zaunar da ni. Ka ce in nema masa wuri a gidan kula da tsofaffi na Castlebar kafin sanyi ya shigo, kuma ban ga laifinka ba, tunda ni ce na kira ka ina kuka. Tun da aka binne Mama ya manne a kujerar bakin murhu, ko coci ya daina zuwa, shayi sai ya huce a hannunsa. Amma dakata ka ji.

Ka tuna abincin da maƙwabta suka yi ta kawowa lokacin makoki? To, ka hau jirgi ka bar ni da tukwane jibge a kicin, kuma dā ma Mama ce ke iya gane na wane da wane. Ga shi a garin nan ba a mayar da tukunya wayam. Rannan maƙwabciyarmu Attracta ta leƙo ta taga, ta tambayi Baba ko gadon tukunyarta ya ci ne. Kunya ta kama shi. Mutumin da ko ƙwai bai taɓa dafawa ba ya miƙe ya kwaɓa burodi yadda ya ga Mama tana yi. Kai, Fintan, da za ka jefi kare da burodin nan, sai ya suma!

Ya jefa burodin cikin ɗaya daga tukwanen, ya sa hularsa ya kai mata. Attracta ta jujjuya tukunyar ta ce sam ba tata ba ce, ta Dympna ce ta gangaren coci. Ta karɓe burodin, ta zuba masa ƙwai, ta ce ya ƙarasa can. Dympna ta tsare shi da shayi da hira, sannan ta ce ita ma ba ta san ta ba, ya gwada gidan Colm. Shi kuwa Colm, tun rasuwar matarsa bara ba wanda ya ga haƙoransa. Baba bai dawo ba sai yamma, laka har gwiwa, da kifi a tukunyar, yana ta mita wai mutanen garin nan ba su san kayansu ba. Ranar ya cinye abincinsa tas. Yanzu kullum da safe sai ya fita da wata tukunyar, Colm na biye da shi suna gardamar ƙwallo.

Ni fa na san tukunyar nan, shuɗiya mai karyayyen hannu, tun muna yara take gidan Attracta. Na tare Attracta da maganar bayan an tashi coci. Ta damƙe hannuna ta ce in na kuskura na buɗe baki, sai ta ja min kunne kamar dā. Ashe duk unguwar sun haɗa baki ne, duk wanda Baba ya kawo wa tukunya ya ce ba tasa ba ce. Na yi dariya har da hawaye, daga nan kuma kukan ya zama na gaske, ta rungume ni a bakin ƙofa.

Jiya na ɗan taɓo masa zancen Castlebar. Ya dube ni kamar na zare, ya ce shi da ke riƙe da kayan mutane, ina za shi? Ba na cewa ya warke, don wani lokacin har yanzu kofi biyu yake ajiyewa a tebur. Amma bar maganar nan, Yaya. Baba yana gidansa, kuma nan zai zauna.

Ka gaida Orla da kyau, ka shafa min kan Niamh da Oisin. Declan da Goggo Bernie suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Grainne