Katunan da Garba Ya Ci Amanarsu

Abakpa, Kaduna
14 ga Yuli, 1997

Ƙanena Tanko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da karatu da sanyin Ingila. Allah Ya ƙara maka juriya. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa Babbar Kasuwa da kanta.

Ka tuna Garba, ɗan Kawu Datti, wanda ya zo da maganar kwamfutar da za ta saurari Hausa ta rubuta? Kullum injinsa ruɗewa yake yi, bai san bambancin garin zama da garin tuwo ba. Ni na ce masa kalma da maƙwabtanta ake gane ta: in ka ji tankaɗe ko niƙa a kusa, ai ba garin Zariya ake nufi ba. Shekara huɗu ina tashi daga ofis in zauna da kaset, ina rubuta kowace kalma a katinta, da waɗanda take tafiya da su. Ya kwashi akwati guda ya tafi can wajenku. Da littafinsa ya fito, ƙanwarmu Husaina ta karanta mini shi. Ya ce shi ya gano dabarar, ni kuwa ya gode mini a matsayin wata mai buga tafireta, ko sunana babu.

To, makon jiya ga shi a zaurenmu, yana sunkuyar da kai. Wai injin ya cije a kan maganar kasuwa da ta Sakkwatawa, yana roƙon akwati na biyu. Na ba shi ruwa, na bar shi ya gama, sannan na ce ya je ya tambayi wanda ya gano dabarar. Kawu ya aiko a ba ni haƙuri, na ce ban da wannan.

Tanko, akwatin yana hannun maƙwabcinmu Alhaji Zakari, zai kawo maka shi a watan gobe. Kai ma fanninka ne. Ka yi aiki da katunan har naka ya fi nasa, ka kai shi taron da Garba zai halarta, ka faɗi wadda ta rubuta su yana zaune. Ka rubuto mini yadda fuskarsa ta yi, kada ka rage komai.

Inna da Husaina da Kande suna gaishe ka. Ka gai da Safara'u da yara. In kun haɗu da Garba, kada ka ce ina gaishe shi.

Yayarka,
Hansai