Shayin Fure da Yatsan Baba

Shanghai, watan shida, 1994

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa da girmamawa. Ganin rubutuna ya zame miki kamar ganin fuskata. Ina lafiya, aikin masaƙa yana nan yadda yake, abinci kuma ina ci, kada ki tambaya.

Bayan haka, Mama, me ya sa sai a bakin Kawu Desheng zan ji an kai Baba asibitin gunduma? Ya shigo birni sayen kaya, muna cin taliya ya ce, "Ai kin ji ciwon sukarin babanki ko?" Na ajiye kwanon. Ya ce gyambo ne a babban yatsan ƙafar Baba ya ƙi warkewa tun lokacin dashe, likita kuma ya ce in ba a rage masa ƙiba an sauko da sukarin ba, ƙafar ce za ta tafi. Kawu ya ce an ba Baba ƙwayoyi, ke kuma kin ɗora su kan kabad bayan hoton Kaka.

Mama, ƙafa ce fa. Da ita yake hawa tudu zuwa gonar fure. Don girman Kaka ki sauko da ƙwayoyin nan.

Ki gaida Baba. 'Yarki mai biyayya,
Lifen

Ƙauye, watan bakwai

Lifen 'yata,

Wasiƙarki ta zo, muna lafiya, ruwa ya sauka, furen juhuwa da muke nomawa don shayi ya yi kore shar. Kawunki Desheng bakinsa kamar ƙofar kasuwa yake, ba ya rufuwa. Mun yi shiru ne don kada hankalinki ya tashi a gaban inji.

Mutumin da na aura a shekarun yunwa ana ganin haƙarƙarinsa ta cikin riga, yau ya yi tumbi har maƙwabta na cewa albarka ta sauka a gidanmu na Bao, wai shi ne ciwo. To, na ji. Na kai shi wurin Tsoho Ke mai maganin gargajiya. Ya riƙe wuyan hannunsa, ya duba harshe, ya ce zafi da danshi ne suka taru a jiki. Ƙwayar asibiti kuwa zafi gare ta, ki ce in ƙara masa zafi kan zafi? Ya ce a dafa masa busasshen furenmu da ganyen bado, su sanyaya jini su narkar da kitse. Furen da mutanen birninku ke rububinsa, mu a gidanmu yake, sai mu rasa amfaninsa?

Kada ki ɗauka zaune nake. Farin sukari na kwashe shi kaf na ba matar Desheng. Shinkafa rabin kwano nake zuba masa. Jiya ya leƙa kwanon ya ce, "Tsohuwa, kaza kike kiwo ko miji?" Na ce, "Kaza ai tana ƙwai." Shayin dai yana sha, tulu guda a wuni, har gona yake tafiya da shi.

Ki riƙa sa riga mai kauri da safe. 
Mamarki

Shanghai, watan takwas

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ku da ladabi. Mama, ban raina furen ba, shi ya biya mini makaranta. Na tambayi ma'aikaciyar jinya ta masaƙarmu, ta ce shayin ba zai cuce shi ba, ya sha abinsa, amma tare da ƙwayar. Tare, Mama. Ba ni na ce ba.

Ba ki ce mini komai kan yatsan ba. Kin ba ni labarin ruwa, kin ba ni labarin kaza. Na karanta har bayan takardar ina neman yatsa. Abin nan yana ci mini rai, in ina tsaye gaban inji zare ya tsinke ban gani ba, har shugabar layi ta yi mini faɗa a gaban mutane. Ki kai shi a sake gwada jinin, ki rubuto mini abin da aka ce, ba abin da kike so in ji ba.

'Yarki,
Lifen

Ƙauye, watan tara

Lifen,

Muna gaishe ki. Tunda kin matsa, mun je. Wai sukarin ya fi na da hawa. Na ce wa yarinyar da ta gwada, "Na'urarku dai a duba ta." Mutum wata uku yana shan magani mai sanyi, ba farin sukari, ba kitsen agwagwa, a ce ya ƙaru? Ɗamararsa ma a hujin da take nan take, tumbin bai ragu ba, ko ni abin ya ɗaure mini kai. Yatsan ya ɗan yi duhu. Tsoho Ke ya ce dafin ne ke fitowa.

Likitan ko kallona bai yi ba, ya tambayi babanki ko yana shan ƙwaya. Babanki ya dube ni, ni kuma na dubi taga.

Ga saƙo. In Desheng ya zo birni, ki ba shi sukarin ƙanƙara ya kawo mini, manyan dunƙule irin masu kama da kanwa, na kantinmu ya ƙare, mu muka ƙarar da shi. Kin san babanki da ɗaci, in ban jefa masa dunƙule a kowane kofi ba sai ya ture ya ce, "Wannan ai ruwan wankin ciyawa ne." Shi kuwa sukarin ƙanƙara sanyi gare shi, yana jiƙa huhu, tun kakanninmu da shi ake shan fure. Ki zaɓo mai haske.

Mamarki

Shanghai, ranar da wasiƙarki ta iso

Mama,

Ina gaisuwa. Dunƙule a kowane kofi? Tulu guda a wuni? Wata uku?

Mama, sukari ne! Rake ɗaya ya haife su da farin da kika kyautar. Jinin Baba bai san sanyi da zafi ba, zaƙi kawai ya sani. Kin hana shi shinkafa, kin bar shi da yunwa, sannan kina ɗura masa ruwan alewa daga safe har yamma da sunan magani. Na zauna a bakin gado na yi kuka don takaici, don na san duk ƙauyen nan ba wanda ya fi ki wahala a kansa.

Ba zan aiko ba. Na roƙi hutu an hana ni sai bayan an gama odar kayan lokacin kaka. Wasiƙar nan ma sai ta kwana nawa a hanya, yana ta sha. Ranar da ta same ki, kada ki jira Tsoho Ke, kada ki jira gobe. Yatsan da ya yi duhu ba dafi yake fitarwa ba, mutuwa yake yi. Ki nemi mota ki kai shi asibiti.

Ki yafe mini zafin bakina.
Lifen

Asibitin gunduma, watan goma

Lifen,

Muna gaishe ki. An yanke yatsu biyu. Ƙafar ta tsira. Yana shan ƙwayar.

Yau ya nemi shayi, na dafa masa ba komai a ciki. Ya kurɓa, ya ce, "Tsohuwa, shekara talatin muna noman abin nan, ashe haka ɗanɗanonsa yake." Ya shanye.

Furen ya buɗe, tudu ya yi fari, shi kuma ba zai hau ba bana. In kin zo kada ki ce mini kin faɗa. Ki zo da takalmin gona.

Mamarki