Layi Ɗaya Kafin a Buɗe Shago

Zuwa ga Ladi, sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar mangwaron da zuciyata ke hutawa a ƙarƙashinta,

Ki dubi takardar nan da kyau, abar ƙaunata. Babu wanda ya rubuta min ita! Hannun Barnabas ɗinki ne, mai walda na Mando, hannun da ke lanƙwasa ƙarfe kamar kara, amma a da yake gudun biro.

Kin tuna ranar auren ƙawarki Patience a cocinku na Abakpa? Da fasto ya kira ango da amarya su sa hannu a littafin aure, kika juyo kika yi min murmushin nan naki mai narkar da mutum, ni kuwa gumi ya keto min. Na hango kaina a gaban jama'a ana dangwala babban yatsana a tawada, ke malamar makaranta kina tsaye gefena cikin farar riga. Abin da ya hana ni turo manyana gidanku ke nan, Ladi. Ba wata mace ba ce, kunya ce kawai. Ranar da na faɗa miki a hanyar Kurmin Mashi cewa ban iya rubutu ba, na zaci za ki saki hannuna. Sai kika ƙara riƙe shi, washegari kuma kika kawo min littafin 'yan aji ɗaya.

Ni da gaggawata na so in haɗiye shi cikin mako guda. A kwana na uku na jefar da shi bayan injin walda. Ba ki yi faɗa ba. Kika ɗaure biro da zare a jikin makullin shagona, kika ce layi ɗaya kacal kowace safiya kafin in buɗe ƙofa. Layi ɗaya! Na raina shi, na ce yaushe wannan zai kai ni ko'ina? Amma ta yaya zan taɓa makullin ban taɓa biron ba, ta yaya zan taɓa biron ban tuna da ke ba?

Wata goma sha ɗaya ke nan. Akwai safiyar da na tsallake, ba zan ɓoye miki ba, amma ban taɓa tsallake biyu a jere ba. Yanzu idan jirgin sojoji ya ratsa saman Mando ya bar farin layi a sama, sai in ga kamar shi ma sunanki yake koyon rubutawa. Ina walda, tartsatsi na tashi, ni kuwa ina can wani gida da ba mu gina ba tukuna: ruwa na sauka a kan kwano, kina duba littattafan ɗalibanki, 'yarmu mai irin idanunki ta miƙo min aikinta na makaranta, ni kuma ban kawar da kai ba. Wayyo Ladi, yaushe wannan safiyar za ta zo?

Asabar mai zuwa kawuna Bitrus zai zo wurin Babanki tare da manyanmu, in kin yarda. Ki yarda mana, hasken raina! Yadda na zo wa littafin nan kowace safiya, haka zan zo miki, har ranar da hannun nan zai kasa ɗaga biro.

Ki dubi ƙasan takardar. Haka zan rubuta sunana a gaban fasto, kusa da naki. Ya ɗan karkace, na sani, amma babu tawada a yatsana.

Naki kaɗai, yau da kowace safiya da Allah zai ba ni,

Barnabas