Kwantenar da Ba Ta San Garinmu Ba

Zuwa ga Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Aunty Rumaisa da yara. Ya Kaduna? Baba da Inna suna gaishe ku.

Yaya, shafin lokutan sallar nan da nake haɗa wa masallacin Baba ya sa ni a gaba. A kwamfutata lafiya lau yake. Amma da na ƙunshe shi a kwantena kamar yadda ka koya min, wato na haɗa shi da duk kayan da zai buƙata don ya yi aiki a kowace na'ura, sai ya ce Magariba ta yi alhali rana tana saman rumbunmu. Awa guda cur yake riga mu. Baba ya leƙa wayar, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce in ban gyara ba kafin a ga watan azumi, kada in kuskura in raɓa abin da masallacinsa. Wallahi na ji zafi, ka san dama kallon wasa yake yi wa karatuna.

Na gano kwantenar da agogon Turai take tafiya, sai na ƙara mata kayan sanin lokacin ƙasashe. To yanzu kuma ginin kwantenar ne, wato aikin harhaɗa ta, yake tsayawa cak a tsakiya, bai ƙare ba, bai kuma ce ya lalace ba. Me yake jira? Abin ya fi ba ni mamaki a kan haushi.

Ƙanwarka,
Muhsina

Yaya Tasi'u,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Dabo, zazzaɓin ya sauka?

Ka ce netwok ne, to ba shi ba ne, malamina. Har Rijiyar Zaki na hau mota na gwada, inda netwok ya fi ƙarfi, ginin bai gusa ba. Da na gaji, sai na zauna na bi rubutun da yake zubowa layi-layi. Ashe tambaya yake yi: wace nahiya, wane gari? Ba kuma wanda zai amsa masa a can ciki, ga shi ya ƙi wucewa sai an amsa. Dariya ta kama ni, har tausayi ya ba ni. Na rubuta masa amsar tun daga farko, nan take ya wuce. Sai dai babu Kano a garuruwan da ya sani, dole na ce Legas, tunda agogonmu ɗaya. Wannan kam kada Baba ya ji.

Jiya aka ga wata. Da yamma Baba ya karɓi wayar ya fita ƙofar gida shi kaɗai, yana gwada lokacin da faɗuwar rana. Ya dawo ya miƙo min ya wuce masallaci, na ɗauka shi ke nan.

Bayan Isha'i ina wanke-wanke na ji muryarsa a lasifika, yana cewa jama'a su duba lokacin sahur a waya, aikin 'yarsa Muhsina ne. Yaya, kuka na yi, Inna tana ta min tsiya.

Allah ya ba mu ladan azumi.

Taka har kullum,
Muhsina