Baƙin tumatirin Inna

Daren Talata, Madarumfa

Yau aka yi sadakar bakwai ta Inna. Dangi na Gabi sun zo, sun koma. Na gaisa da kowa, ban ji komai ba.

Da safe na leƙa garkata ta bakin tabki, karo na farko tun rasuwar. Ashe tumatirin nan ya nuna. Irin da malamin gona ya ba ni ne, mai duhu kamar ɗinya. Ya ce duhun nan shi ne amfaninsa, ya fi ja sinadaran da ke kare jiki. Don Inna na shuka shi, saboda hawan jininta. Kullum sai ta ce, "Sani, yaushe zan ci baƙin naka?"

Na cika kwando na kai wa masu girkin sadaka. Ina dawowa daga masallaci na iske Gwaggo Hajo ta zube shi gaban awaki.

Ta ce, "Ɗan nan, ruɓaɓɓe ka ɗebo mana. Je ka huta."

Na ce to. Na tsaya har suka cinye. Guda ɗaya ya gangara gindin turmi, na ɗauka. Ga shi nan gabana, ban san wa zan kai wa ba.