Golmo a Tukunyar Marigayiya

Abuja, 9 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga Ezekiel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina nan Abuja ina bin fanshona, ban san ranar dawowa ba.

Kawunka ya ce kana neman 'yata Joyce. Na ji. A al'adarmu saurayi kan yi golmo, ya yi ta noman gonar surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ni soja ne, gonata ɗaya ce tak: tukunyar da ke kan dutse a tsakar gidana na unguwar Rikoto a Zuru. Tsiron da ke ciki sunansa rozmeri. Marigayiya uwar Joyce ce ta kawo shi daga Jos, ta dasa da hannunta. Makulli yana wurin maƙwabciyata Fadima.

Golmonka ke nan. In na same shi da rai, kawo manyanka. In ya mutu, ko layinmu kada ka sake bi.

Ka huta lafiya.
Saja Philemon (mai ritaya)

*

Zuru, 20 ga Oktoba

Abar ƙaunata Joyce,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Jos, yaya karatun nas? Ki fara neman telan da zai ɗinka rigar aure, don Baba ya ba ni ke a sadaka. Ni da ake kira da ganga in an ga gona ta gagara, ni za a ba tukunya?

Na je na ga tsiron, sai da tausayi ya kama ni. Yashi da tsakuwa aka zuba masa, rana tana dukansa, ganyensa duk ya tsuke kamar allura saboda yunwa. Ba na son in zargi Baba, amma soja soja ne.

Na gayyato abokaina kamar yadda ake yi a golmo. Suka zo da garma da mai kiɗa, suka kewaye tukunya, aka rasa inda za a sa garma. Ƙarshe dai suka nome tsakar gida, suka cinye tuwon da Fadima ta yi, suka tafi. Ni kuwa na zuba masa baƙar ƙasar fadama da kashin awaki, na liƙe hujin gindin tukunyar da ke zubar da ruwa a banza, na kafa masa runfar zana. Ruwa kuwa safe, rana, yamma. Kafin Kirsimeti za ki ga ganye kamar na kabewa.

Naki har abada,
Ezekiel

*

Jos, 1 ga Nuwamba

Ezekiel,

Ina gaisuwa, amma a tsaye nake rubutun nan. Wayyo ni! Ka liƙe huji? Tsiron nan ba dawa ba ne. Haka ganyensa yake tun da Allah ya yi shi. Rana yake so, da ƙasa mai tsakuwa, ruwa kuma sai ƙasar ta bushe ƙamas. Mama takan manta da shi har mako ya zagayo.

Buɗe hujin yau ɗin nan, ka kwashe takin, ka rushe runfar, ka ajiye bokiti. In ƙaiƙayin aiki ya dame ka, murza ganye ɗaya ka sansana, ka koma gida.

Ba wasa nake ba. Abin da ya rage mana na Mama ke nan, kuma ka san Baba ba ya magana biyu. Ina son tsiron, ina kuma son ka, kada ka raba ni da duka biyun.

Taka,
Joyce

*

Zuru, 14 ga Nuwamba

Joyce tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na buɗe hujin saboda ke, wani ruwa mai wari ya fito har kajin Fadima suka watse. Amma zancen ajiye bokiti, haba Joyce! A ce ɗan golmo ya zo gidan surukinsa ya sansana ganye ya tafi? Da wane ido zan dubi mutanen Rikoto? Har jikokina sai an yi wa waƙa.

Gaskiya jikin tsiron ba daɗi. Ganyen ƙasa ya yi baƙi yana zuba, rassan sun langaɓe. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya tambaye ni ko miya ake yi da shi. Tuwo ba ya shiga mini, Joyce, tsoro nake ji.

Ga wata sabuwa kuma. Inna ta aiko daga ƙauyenmu Manga, wai bayanta ya riƙe, dawa ta bushe a gona, ba mai yanka. Dole in tafi. Na bar wa Fadima bokiti, na roƙe ta ta riƙa ba tsiron ruwa sau uku a rana, ta ce in tafi kawai. Ki sa mu a addu'a.

Naki cikin damuwa,
Ezekiel

*

Zuru, 16 ga Disamba

Ranka ya daɗe Baba,

Ina durƙusawa da gaisuwa. Gara ka ji daga bakina: wata guda ban leƙa gonarka ba, ina Manga wurin girbi. Da na dawo na tarar awaki sun cinye runfar da na kafa, tsiron kuwa ko lasa ba su yi ba. Bokitin yana kife inda na bar shi, har kaza ta yi ƙwai a gefensa. Takin ma an kwashe.

Amma Baba, tsiron ya tashi! Ya miƙe, ya yi sabon toho, ƙamshi har zaure. Na zauna a kan dutsen na yi kuka, rabi don murna, rabi don haushi. Da ina masa aiki yana mutuwa, da na juya baya ya warke. Ban san ko wannan ya shiga lissafin golmo ba.

Wani abin mamaki kuma, Innar da aka ce bayanta ya riƙe, a kan rumbu na same ta tana jera dami.

Ɗanka mai biyayya,
Ezekiel

*

Abuja, 22 ga Disamba

Ezekiel,

Gaisuwa. Fadima ta ba ni cikakken rahoto. Joyce ce ta rubuta wa innarka ta kwanta ciwon bayan ƙarya. Ita ta sa Fadima ta kwashe taki ta mayar da tsakuwa, ta kuma saki awaki a kan runfa.

Saboda haka ba kai ka yi golmon nan ba, 'yata ce. Ban taɓa jin mace ta yi golmo don ta auri namiji ba, amma ta yi, gona ta yi kyau, ba ni da ikon hana ta ladanta. Ladan kuwa kai ne.

Kawo manyanka bayan bikin girbi na Uhola. Ka bar bokitinka a gida.

Babanku,
Saja Philemon