Kayen Ishaku na Izom

Suleja,
Maris, 1979.

Zuwa ga Yayata Ummulkhairi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da duk mutanen barikin jirgin ƙasa na Minna. Yaya zafi? Yaya ƙafarki da kika ce tana kumbura? Allah ya ƙara sauƙi. Kin ga na rubuta Suleja a sama, amma sai da na kankare, don duk da an canza wa garin suna, har yanzu hannuna Abuja ya saba rubutawa.

Yaya, na san labari ya riga wasiƙar nan isowa, don direbobin Minna ba su iya riƙe magana a ciki. To, ban mutu ba, ban kuma gurgunce ba. Haƙarƙari biyu ne suka karye a gefen hagu. Ki ajiye kukan nan da na san kin fara.

Ga yadda abin ya faru. Mutanen Izom suka zo mana kokawa a filin Iku, aka haɗa ni da gwaninsu, Ishaku ɗan mai wa'azin cocinsu. Kin taɓa ganinsa a bikina, dogon nan mai wushirya da ya cinye tuwon mutum uku yana ba mutane dariya. Mun sha karawa da shi, kullum canjaras. Ran nan ya sami ƙuguna, ya rungume ni ta hagu ya ɗaga, na maƙale masa ƙafa, muka tafi ƙasa tare, kafaɗarsa ta sauka a kan ƙirjina da duk nauyinsa. Na ji ƙarar da kunnena, kamar an taka busasshen kara. Shi ma ya ji. Ko da ya tashi bai ɗaga hannu ba, bai yi kirari ba, ya durƙusa yana ta kiran sunana.

Baba Sabo maɗori na Zuma shi ya yi ɗori. Ya shafa man kaɗanya, ya yi tofi, ya naɗe ni da rawani tun daga hammata har cibiya. Safe da yamma matata Jummai tana gasa mini wurin da ruwan zafi, ina ta yi mata masifa, tana haƙuri. Ashe mutum da haƙarƙarinsa yake komai? Tari azaba, dariya azaba, atishawa kuwa sai na yi salati kafin ta zo. A zaune nake barci, na jingina da buhun dawa. Salla ma a zaune, kamar tsohon da ya ba tamanin baya.

Ciwon jiki ba shi ya fi damuna ba. Tun da Babanmu ya rasu ya bar mini warkinsa da takensa, bayana bai taɓa ƙasa a filin Iku ba sai ran nan. Wallahi wannan shi ke hana ni cin abinci. Amma maɗori ya ce ƙashin yaro ne, zai haɗe. Da kaka in Allah ya so zan koma fage, in karɓi kayena a hannun Ishaku.

Kada ki taso, hanya ba kyau. Jummai tana gaishe ki. Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Almu.

Suleja,
Yuli, 1979.

Yaya Ummulkhairi,

Ina gaisuwa da kyau, da fatan damina ta same ku lafiya. Wasiƙarki ta iso tare da ƙullin kuka da daddawa, mun gode, Allah ya bar zumunci. Faɗan da ke ciki ma ya iso, bai zube a hanya ba.

Kin ce in bar kokawa in kama aikin gini, tun da ma'aikatan sabon birni sun cika gari suna neman ɗakin haya ko ina. Kin ce ke kika goye ni bayan rasuwar Inna, ba ki goye ni don wani ƙato ya farfasa ni ba. Na karanta wurin nan na ajiye takardar, na daɗe ban ɗauka ba. Gaskiyarki, Yaya. Amma ginin kowa yana yi. Ni abin da na iya a duniya, wanda idan na shiga kasuwa ake nuna ni da baki saboda shi, guda ɗaya ne.

Na bi maganarki ɗaya dai, na je asibiti an ɗauki hoton ƙirjin. Likita ya ɗaga shi a taga ya nuna mini inda ƙashin ya yi gaɓa, ya ce yana haɗewa yadda ake so. Baba Sabo ya ji haushi da ya ji na je, wai shi da yatsa ya gani tun kafin injinsu. An kwance rawanin. Yanzu ina sujada, ina kwanciya ta dama, ina ɗaukar bokitin ruwa idan Jummai ba ta kallo.

Abin da Baba Sabo ya hana ni shi ne jin kiɗa. Ya ce ɗan kokawa idan ya ji takensa jikinsa tsima yake yi ko yana so ko ba ya so, tsimar nan kuwa tana iya raba ɗanyen ƙashi. Saboda haka Gambo makaɗina, wanda ya yi wa Babanmu kiɗa kafin ni, idan za shi biki ba ya bi ta ƙofar gidanmu, sai ya zagaya ta bayan makarantar firamare da kalangunsa a cikin buhu. Tsoho da ciwon gwiwa. Na hango shi ran nan yana lallaɓawa, na koma ɗaki don kada ya san na gan shi. Na gwada yin kirari ni kaɗai a bayan rumbu, numfashi ya yanke mini a tsakiya, na ɓige da tari. Akuyar Jummai kaɗai ta shaida.

Sai kuma Ishaku. Yaya, mutumin nan ya hana ni sakat. Kusan duk ranar kasuwa sai ya tako kekensa tun daga Izom, yau kaza, gobe kwalbar zuma, jibi ƙwai. Da lokacin huɗa ya yi, ban roƙe shi ba, ya kwaso samarin cocinsu suka yi mini gayya, suka huɗe gonar dawa kafin azahar. Jummai har hawaye ta yi. Ni kuwa ina zaune a gindin ɗorawa kamar mai jego, ina yi wa mutane sannu. Idan ya zo ba ya kallon idona, gefena na hagu yake kallo. Dariyar nan tasa duk ta tafi. Na ce masa ya daina sunkuyar da kai, kokawa ce, ni ma da na sami yadda ya samu da haka zan yi masa. Ya ce to, ya ci gaba da sunkuyar da kai.

Ina son mutumin nan, ina kuma jin haushinsa, ban san yadda zan raba miki biyun ba. Ki sa ni a addu'a.

A gaida maigida da yara.

Naki,
Almu.

Suleja,
Oktoba, 1979.

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan gajeruwa ce, direba yana jira.

Na warke. Baba Sabo ya danna wurin da babban yatsa har ya gaji, ya ce in je in yi abin da na ga dama. Gambo ya zo ƙofar gida ya saki takena, jikina ya ɗauki rawa tun daga tafin ƙafa, na yi kirari har ƙarshe ban yi tari ba. Maƙwabta suka fito, mata suna guɗa. Da kina nan da kin ce mun haukace.

Kullum da la'asar ina zuwa yashin bakin rafi muna gwadawa da samarinmu. Duk ina kayar da su, sai dai abin yana ba ni haushi. Da na taɓa mutum sai ya zube. Hannunsu kuma ba ya zuwa gefen hagu, kafaɗa suke kamawa, ko wuya. Na zage su tas, suka rantse ƙarfina ne ya dawo. Yaran gida ne, kunyata suke ji, ba zan san gaskiyar jikina a hannunsu ba.

Mutum ɗaya na sani wanda idan ya shiga fage ba ya sanin uwa ba ya sanin uba. Na aika wa Ishaku goro, kin san ma'anarsa. Ya mayar da shi. Na sake aikawa ta hannun dattawansu, yadda idan ya ƙi za a ce Izom ta ji tsoro. Ya karɓa. Bayan an gama yankan dawa za mu kara a filin Iku. Ko ya kayar da ni, ko in kayar da shi, ko ƙashin ya sake karyewa, duk na yarda, in dai da gaske ne.

Kada ki rubuto ki hana ni. Ki yafe mini kawai.

Ƙaninki,
Almu.

Suleja,
Disamba, 1979.

Zuwa ga Yaya Ummulkhairi,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga wadda ta zame masa uwa. Ina fata kina lafiya, da maigida, da yara baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, amfanin gona ya yi kyau, jikina kuma ko ƙwarzane babu. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta, ki iya karanta sauran.

An yi kokawar. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Mutanen Izom sun cika mota, na Zuma sun zo a ƙafa, har baƙin ma'aikatan nan masu ɗaure wuya sun tsaya a bayan fage suna leƙe. Gambo ya kama kiɗa tun kafin in ɗaura warki. Na shiga na yi kirari, murya ta fita sosai. Ishaku ya shigo, muka yi musabaha, tafinsa sanyi ƙalau.

Muka sunkuya, muka kama juna. Yaya, ke ba ki san kokawa ba, amma ki gane wannan: ɗan kokawa yana karanta abokin karonsa da fata, tun kafin ido ya gani. Da ya dafa ni na ji ƙarfinsa yana nan, har ya fi na da. Raina ya yi fari. Na ce yau zan san ko ni ne ko ba ni ba ne. Da gangan na ɗaga hannun hagu na buɗe masa gefen nan, irin buɗewar da ko yaro ba zai bari ta wuce shi ba. Hannunsa ya zo da gudu kamar yadda ya saba. Ya sauka daidai kan gaɓar ƙashin. Na ji yatsunsa sun tsaya. Sai ya zame hannun ya mayar kafaɗata.

Na sake buɗe masa. Ya sake ƙi. Na ce masa a kunne ya kama ni don girman Allah, ya bar hannunsa a kafaɗata. Haushi ya ɗebe ni na kai masa wata taɗiya ta banza, wadda ko ɗan akuya ba za ta kayar ba. Sai ga Ishaku, gwanin Izom, ya tafi ƙasa da baya, har da ɗaga ƙafafu sama don kowa ya gani.

Fili ya ɗauki ihu. Aka sunkuce ni aka ɗora a kafaɗa, ana zagaya fage da ni. Gambo yana kiɗa yana kuka, yana kiran sunan Baba. Jummai tana cikin mata tana guɗa har muryarta ta dushe. Daga can sama na waiwaya na ga Ishaku yana kakkaɓe bayansa, mutanensa suna yi masa tsaki, shi kuwa fuskarsa a sake, wushiryar nan a waje, kamar wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kan kafaɗun nan ba.

Washegari na hau mota na tafi Izom da niyyar in ci masa mutunci. Na same shi yana sussukar dawa. Da farko ya ce santsi ne ya kwashe shi. Na tsaya ina kallonsa har ya ajiye sandar. Ya ce tun ranar da abin ya faru ƙarar nan ba ta bar hannunsa ba, ko itace ya karya sai gabansa ya faɗi. Ya ce ya shiga fagen da niyyar ya yi da gaske, hannun ne ya ƙi. Ya ce gara a yi masa dariya a Izom har ya mutu da ya sake jin ƙashina ya motsa a tafinsa. Yana faɗi yana share ido da bayan hannu, ƙato kamar wannan. Matarsa ta kawo kunu, na sha, na yi godiya, na dawo.

Yaya, da ya kayar da ni da na tashi na kakkaɓe, na jira baɗi. Da ƙashin ya sake karyewa da na koma wurin Baba Sabo. Wannan kuwa ba maɗorin da zai ɗora shi. Idan Ishaku bai iya kama ni ba, babu mai kama ni a ƙasar nan. Duk wanda zan kara da shi daga yau zai riƙa lallaɓa ni, ni kuma duk kayen da na yi ba zan san ko nawa ba ne. Ba wanda ya cuce ni. Kowa so ne ya nuna mini, son nan kuwa shi ya fitar da ni daga fage. Zuciyata ta karye, Yaya, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Na je wurin Gambo na roƙe shi kada ya ƙara kaɗa takena. Ya ɗauka na bari ne don in fita da nasara a hannu, har ya yaba mini hankali. Na bar shi a haka. Jummai ma haka ta ɗauka. Ranar Asabar zan fara aiki wurin wani magini a hanyar Kaduna. Abin da kike so ya samu, amma na san ba ta wannan hanya kika so shi ba.

Direbobi za su zo miki da labarin ƙaninki ya kayar da Ishaku na Izom. Idan sun yi miki barka, ki amsa musu da fara'a, ki ba su ruwa su sha. Kada ki gaya wa kowa abin da na rubuta miki. Mutumin ya sayar da sunansa don ya ba ni kayen nan, ba zan mayar masa da shi a gaban jama'a ba.

Ki gaida maigida da yara. Idan kin sami hali ki zo, yanzu ina son ganinki.

Ni ne ƙaninki,
Almu.